Kiɗan Taru a Akwatin Mutawakkil

Shekara goma sha bakwai bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Mutawakkil a Bagudo, bangon kuma na langa-langa ne. Ni tela ne. Shi kuwa, wasu su ce mai gyaran rediyo, wasu su ce mai situdiyo. Surukarsa har yau cewa take gyaran wuta yake yi, don ta huta da dogon bayani.

Da gyaran rediyon ya fara. Wata rana wani ɗan gwanjo mai shigo da kaya daga Benin ta iyakar Tsamiya ya ajiye masa wani akwatin ƙarfe mai maɓallan roba goma sha shida, ya ce na'urar lissafi ce ta babban kanti, amma ta ƙi lissafi. Mutawakkil ya tone ta, ya gano tun da aka ƙera ta ba ta taɓa yin lissafi ba. Aikinta kama sauti: ka ba ta ƙara ta makirufo ta riƙe, in ka danna maɓalli ta maimaita. Cikinta daƙiƙa goma sha biyu kacal yake ɗauka, in kana son sabon sauti sai ka zubar da tsoho. Ɗan gwanjon ya karɓi rediyo a madadinta, ya tafi yana ganin ya yi wa yaro wayo.

Daga ranar na yi ban kwana da shiru. Lokacin ba a daɗe da kawo Shari'a ba, mutane sun fara jin nauyin tara makaɗa a ƙofar gida, biki kuma bai yarda a yi shi tsit ba, sai aka koma wa kaset. Mutawakkil ba ya kaɗa komai da hannunsa. Taɓaryar matarsa Husna ya ɗauka ta zama gindin kiɗa, ya ɗora ƙwarya da aka kifa a ruwa, sa'an nan ya leƙo shagona ya ce in yanka iska da almakashi sau uku. Almakashin nan ya halarci aure fiye da arba'in, ni ko alkaki ba a taɓa aiko mini ba. Daga baya ya samu kwamfuta mai manhajar kiɗa, inda kowane bugu yake fitowa kamar ɗan bulo a kan layi. Akwai ma wurin da in ya taɓa, duk bulon su miƙe su yi sahu. Wannan wurin ya fi so.

Mahaifinsa, Baba Na'Allah, shi ne makaɗin masuntan unguwarsu a bakin kogin Kwara. Idan za a ja taru, babbar ragar da sai mutum talatin suke iya fitar da ita, kiɗansa ke gaya musu lokacin ja. A shekarar Shari'a ya ji wa'azi, ya tashi gaban jama'a ya rantse hannunsa ba zai ƙara kiɗa ba. Ba wanda ya sa shi. Bai kuma koya wa kowa kiɗan ba kafin ya rantse, don tsohon irin mutanen nan ne masu rufe ƙofa sa'an nan su tuna 'yan tsaki na waje.

Abin ya tsaya wa Mutawakkil a rai. Tsoho ya haura saba'in, in ya tafi kiɗan ya tafi. Ya kai masa akwatin har gida.

"Baba, roba ta, ba hwata ba ta. Dannawa kawai za ka yi."

"Wanda niy yi ma rantsuwa ya san abin da nika nuhi," in ji tsohon.

Sai Mutawakkil ya koma sata. Ya lura in uban yana facin kwale-kwale yana jiran kwalta ta sha iska, yatsunsa sukan yi ta bugun katako bai sani ba. Ya ɗaura batirin mota da akwatin cikin buhu a bayan babur, ya je ya zauna gefensa kamar mai neman albarka, ya dawo da daƙiƙa goma sha biyu. Ya juye a kwamfuta, ya sa sautin ganga a gurbin kowane bugun yatsa. Da ya ga bulon a karkace, wasu sun makara wasu sun yi gaggawa, ya ce tsufa ne, ya taɓa wurin nan nasa, suka yi sahu. Na cikin akwatin kuma ya zubar, don akwai wata amarya a garin Matsinkai da ke jiran kaset.

Ranar kasuwa Baba Na'Allah ya kawo mini jamfa in ɗinke aljihu. Yana zaune a bencina kiɗan ya ratso langa-langa. Ya saurara, fuskarsa kamar ya tauna tsakuwa a tuwo.

"Tela, wa ka wulaƙanta kiɗin taru haka?"

Na ce ni aljihu aka kawo mini. Ya tashi ya shiga situdiyon, na bi shi da jamfar a hannu.

"Ni na, Baba," in ji Mutawakkil, kansa a ƙasa. "Sata niy yi."

"Satar ba ta dame ni awa ƙaryar ba. Mutane na cikin laka har gwiwa. In sunka ja ukku, sai sun canza ƙahwa sun shaƙi iska, kai ko kana kallon wanda yaf fi gajiya, shi kaka jira. Ina wurin jiran? Wanga kiɗi kashe mutane zai yi."

"Kwamfuta ta daidaita shi, Baba."

"Ita ta taɓa jan taru?"

Da tsohon ya ji na ainihin ma an zubar, ya fita ko jamfar bai karɓa ba. Na ji tausayin maƙwabcina ranar, na kuma ji haushinsa, don ni tun farko na ji kiɗan bai zauna ba, sai dai ba a tambayar tela.

Washegari da hantsi tsohon ya dawo, ya tsaya ƙofata.

"Tela, rufe shago. Shaida nika so."

Ya zauna a bencin situdiyo, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya danne su da nauyin jikinsa. Ya ce a saki kiɗan. Bugu na huɗu na zuwa ya ce, "Tukuna." Ya lumshe ido. "Yanzu." Mutawakkil ya ja bulon ya sauke shi daga layi, aka sake daga farko. "Ka yi nisa. Maido shi kaɗan." Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka tashi aka yi azahar, ya dawo ya sake zama a kan hannuwan. Kafaɗunsa dai na ga suna motsi, amma ba a kan kafaɗu aka kira ni shaida ba.

Gab da la'asar allon kwamfutar ya koma kamar haƙoran tsohuwa, ba bulo biyu a jere. Mutawakkil ya saki kiɗan tun daga kai. Ni da ban taɓa shiga ruwa ya wuce idon sawu ba, sai da na ji ina riƙe numfashi a wurin jiran nan, ina sakinsa tare da bugun. Tsohon ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa, ba hannun sharewa.

"Shi na," ya ce. "Kashe."

Ya zaro hannuwan, sun mutu murus. Ya kai wa sandarsa kamu, ta zame ta faɗi.

"Tela, ka gani?"

"Na gani, Baba."

"In anka tambaye ka, nan ko can lahira, ban taɓa ba."

Na ce na shaida. Na ɗauko sandar na riƙe masa, muka tsaya muna jiran yatsunsa su farfaɗo.