Igiyar da Ta Ratsa Gidanmu

Jiya maƙwabcina ya ƙona tsohuwar zana a bayan gidansa, da wutar ta so ta yi yawa sai ya sheƙa mata ruwa. Ƙaurin nan na ciyawar da ta ci wuta aka kashe ta da ruwa shi ya shigo mini ta taga, ina zaune a kan darduma, ya ɗauke ni ya kai ni garinmu. Wataƙila kai mai karatu ba ka san wannan ƙauri ba. Mu kuwa da shi muka kwana muka tashi a shekarar da aka yi wa garinmu awon igiya.

Garin namu ɗan ƙarami ne, tsakanin Karaye da Rogo. A wancan zamani na En'e, wato hukumar sarakuna, Bature na mulki, gidajenmu a cushe suke, danga ta jingina da danga, jinka tana taɓa jinka. In jaki mai kaya ya shigo lungu, wanda ya taho daga can sai dai ya koma da baya. Mu yara muna son lungunan nan, don komai zafin rana akwai inuwa a cikinsu, ga daɗin wasan ɓuya.

Ni a ɗakin kakata na tashi, tun da aka kai ni yaye ban koma wurin mahaifiyata ba. Mace ce 'yar siririya mai yawan barkwanci, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kakana kuwa shi ne mai unguwarmu, dogo, mai ƙarancin magana. A bayan ɗakin kakata akwai wani ɗan fili da gindin lalle guda. Kullum da safe ita take share shi da kanta. Ba a ɗaure akuya a wurin, ba a zubar da ruwan wanke-wanke, ni ma in na je wasa sai ta kira ni da wata murya wadda ba ta barkwanci ba. Na ɗauka lallenta take tattali.

Gobarar ta tashi ne da bazara, rana tsaka, ranar kasuwar Rogo, maza duk sun tafi. Iska ta kwashi wutar daga wannan jinka zuwa waccan. Mata suka fito da tuluna da ƙore, amma mai zuwa rijiya da mai dawowa sai su haɗu a lungu su cushe, ruwan ya ƙare a ƙasa. Rumbuna suka ci, gidaje da yawa suka ci. A jikin dangarmu akwai wani tsohon masaƙi wanda ƙafafunsa suka daɗe da mutuwa. Darni mai wuta ya faɗo ya toshe lungunsu, ba a iya kaiwa gare shi ba. Kakana da bai je kasuwa ba ranar, shi ya fito da gawarsa da yamma.

Ba a daɗe ba hakimi ya zo daga Karaye tare da wani Bature da malamin safiyo, aka yi zama a ƙofar gidan dagaci. Mahaifina ne ya ba ni labarin zaman bayan na girma. Ya ce Baturen so ya yi a tashi garin gaba ɗaya a koma sabon wuri. Dattawa suka ce ina za a kai masallaci, da rijiyoyi, da marina? Wasu ma cewa suka yi gobara ƙaddara ce, a bar kowa ya mai da jinkarsa inda take. Hakimi ya saurari kowa, sannan ya kawo tasa shawarar: a bar gari inda yake, amma a fasa manyan hanyoyi biyu su ratsa shi, wanda hanya ta ci gidansa a ba shi fuloti a gabashin gari, En'e ta taimaka masa da azara. Ba wanda yake son ya fara amsawa. Sai kakana ya gyara zama ya ce shi ya yarda, don abin da hannunsa ya ɗauko daga gidan masaƙi ba ya fatan wani ya sake ɗaukar irinsa. Maganarsa ce ta sa sauran suka bi.

Ranar awo mu yara biki muka ɗauke ta. Leburori suna jan igiya, suna kafa turaku, suna zuba farar ƙasa, mu kuwa muna biye muna tsalle. Ina cikin masu tsallen har igiyar ta iso gidanmu. Ta bi ta gefen zaure, ta ratsa tsakar gida, ta ɗora a kan ɗakin kakata, aka kafa turke daidai gindin lallen nan.

Malamin safiyon saurayi ne mai ladabi. Ya ja kakana gefe ya ce masa in yana so za a iya karkata igiyar kaɗan, gidan mai unguwa ya tsira. Sai dai in an karkata, ɗakin matar masaƙi za ta ci, wanda maƙwabta suka taru suka sake rufa mata. Mutanen unguwa sun tsaya daga nesa suna kallo, kowa yana son ya ga yadda za a yi. Kakana ya daɗe yana duban turken.

"A gaban jama'a na ce na yarda," in ji shi. "Bar ta inda ta faɗa."

Daga ranar kakata ta daina yi masa magana. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Barkwancin ne dai ya ɗauke. Tuwonsa ni take ba in kai masa zaure, in na ajiye sai ya tambaye ni a hankali ko tsohuwar ta ce wani abu, in ce ba ta ce ba. Ya aiko ni in gaya mata sabon fulotin yana da faɗi, har za a haƙa rijiya a ciki. Na faɗa mata, ta ci gaba da murza ƙullinta kamar ba ta ji ba. Ana ta rushe-rushe daga bakin kasuwa, aikin yana matsowa, ita kuwa kullum sai ta share bayan ɗakinta har da kewayen turken.

Gab da faɗuwar damina hakimi ya dawo duba aiki tare da Baturen da tafintansa. Da hantsi sai na ga kakata ta ɗauko mayafinta na zuwa unguwa, ta kama hannuna, muka nufi ƙofar gidan dagaci. Mace ba ta zuwa irin wannan zama. Dogari ya tare mu, hakimi ya ɗaga hannu ya ce a bar ta. Ta durƙusa daga nesa ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ban zo don ɗaki ba, ɗaki in an rushe a gina wani. 'Ya'yana uku ne kwance a bayansa. Ƙanana ne, a gida aka sa su. So nake a gaya mini, jakuna ne za su riƙa bi ta kansu?"

Ban taɓa sanin mahaifina yana da 'yan'uwa ba sai ranar. Matan wancan lokaci ko ɗansu mai rai ba sa ambata don kunya, balle wanda ya rasu. Na duba inda kakana yake zaune cikin masu unguwanni, ya sunkuyar da kai har rawaninsa ya rufe masa fuska. Ya sani sarai, shi ya haƙa ramukan da hannunsa yana saurayi. Mahaifina ya ce abin da ya hana shi faɗa, tsoro ya ji kada mutane su ce mai unguwa ya nemo dalilin tsirar da gidansa, kowa ma ya nemo nasa, aikin ya watse.

Tafinta ya fassara wa Baturen, shi kuma ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Hakimi ya juya ga liman ya tambaye shi hukunci. Liman ya ce tun da maslahar jama'a ce, ya halatta a ɗauke su cikin mutunci a kai makabarta. Sai hakimi ya dubi kakata.

"Iya, kin yarda da haka?"

"In mahaifinsu ne zai ɗauke su da hannunsa, na yarda."

A nan take hakimi ya ce a dakatar da rushe-rushe. Ya umarci kowane mai unguwa ya bi gida-gida, kuma a tambayi mata, ba masu gida kaɗai ba. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Gidaje da dama da igiya ta bi akwai irin wannan ɗan fili, a bayan ɗaki ko a gindin rumbu, da matan da suka haɗiye abin suka yi shiru.

Da namu aka fara. Da safe liman ya zo da dattawa biyu, ni ina leƙe ta asabari. Kakana ya tuɓe babbar rigarsa, ya fara da hauya, da ya yi nisa ya ajiye ta ya koma tono da yatsu. Ba a sami wani abu mai yawa ba, shekaru sun ja, ƙasa ta riga ta karɓi abinta. Abin da ya samu ya tattara, da ƙasar wurin, ya naɗe a sabon alawayyo, ƙunshi uku. Wani dattijo ya miƙa hannu zai taya shi, ya girgiza kai, ya rungume su a ƙirjinsa suka fita. Kakata tana ɗaki da carbi, ba ta leƙo ba.

Da ya dawo na ɗauko buta zan kai masa yadda na saba. Ta karɓe daga hannuna, ta je zaure da kanta, ta durƙusa tana zuba masa ruwa yana wanke jar ƙasar da ke hannunsa.

"Sannu, Malam," ta ce.

Ruwan butar ya ƙare yana nan da hannuwa a miƙe.

Bayan damina muka koma sabuwar unguwa. Gidaje a jere, ko'ina a miƙe, sai dai rana, babu inuwa ko ta tsayuwa. Aka raba wa kowane gida dashen darbejiya, ban-ruwa ya zama aikinmu na yara. A hankali barkwancin kakata ya dawo, takan ce an kawo ta garin da ɓarawon kaza ba shi da wurin ɓuya. Wata shekara wuta ta sake tashi a tsohon gari, ta ci gidaje kaɗan, da ta iso bakin hanya ta tsaya. Kakata da bakinta ta ce hanyar nan ta yi rana. Duk da haka ba ta taɓa taka wurin da ɗakinta yake ba. In za ta kasuwa sai ta kewaya ta lungu, ko da kaya a kanta. Ranar da ta rasu, mahaifina ya ce wa masu ɗaukar makara su ma su kewaya. Sun sha wuya a kwanar lungun, amma ba wanda ya tambayi dalili.

Yanzu hanyar nan ita ce zuciyar gari, shaguna hagu da dama, babura da motocin Rogo ba sa yankewa. Gonakin gyaɗarmu duk an yanka su fuloti-fuloti. Ina jin labarin wurare da mutum zai wayi gari ya tarar da jan fenti, alamar rusau, a bangonsa, bai san wanda ya shafa ba, bai san wurin wa zai je ya durƙusa ba. Ba na cewa zamanin En'e duk alheri ne, mun ga bulala, mun ga aikin tilas. Abin da na gani da idona dai shi ne an tsai da aikin hukuma saboda maganar tsohuwa mai ƙuli-ƙuli.

Bara na je gida biki. Motar ta tsaya a gaban wani shagon cajin waya, yaron mota ya buɗe ƙofa ya ce, "Hajiya, nan ne ake sauka." Na leƙa na gane wurin. Na ce ya yi mini haƙuri su ƙara gaba kaɗan.