Amshin da Aka Rera a Motar Mayo

Har gobe ba zan manta da ranar da muka kai kaset ɗinmu na farko gwaji ba. Ku da kuke haɗa kiɗa a waya yanzu, ku tura wa duniya kafin shayinku ya huce, ba ku san wannan wahala ba. Ina tausaya muku, domin daɗinta ma ya wuce ku.

A lokacin na bar wani kamfanin kaset a Bahri, inda na yi shekaru ina danna ogan a bayan mawaƙa. Na kama ɗaki a Omdurman, na lulluɓe bangon da tsofaffin katifu, na ce ni ma na buɗe kamfani. Kayan aikina ogan ne da rikoda mai layi huɗu: ogan a layinsa, dalluka, wato gangar matan nan, a nata, mawaƙiya a nata, 'yan amshi a nasu. In an haɗa su sai a sami uwar kaset, daga ita ake buga sauran.

Mawaƙiyata Hajja Sa'adiyya ce, 'yar unguwar Mayo, mai waƙar biki. Ta zo da waƙar rawa da ta gada wajen mahaifiyarta, wadda ta tsufa tana tsinkar auduga a gonakin Jazira. Baitocin ta mayar da su Larabci, amshin kuwa ta bar shi da Hausa. Na ɗora masa kiɗa mai zafi, har ni kaina na kasa zama.

Sai dai kaset ba ya shiga gari in bai bi ta hannun Hajj Usman ba, babban dillali a kasuwar Suk al-Shabi. In ya ƙi kayanka, rufe shago kawai. Kowa ya san kakanninsa daga yamma, ƙasar Hausa, suka zo a hanyar Makka, amma ko ka gaishe shi da Hausa, da Larabci zai amsa. Ya saurara, ya ce da ni cikin Larabcinsa, "Kiɗa tamam, ya zol, bawan Allah. Amma cire amshin nan. Mutanenku ma kunyar sa shi za su ji a gaban maƙwabta."

Na kai wa Hajja maganar. Ta ce, "Halas, magana ta ƙare, ɗana. In ka cire amshin Inna, ka cire sunana." Na rasa inda zan sa kaina. Ƙarfina kaset ɗaya zai iya bugawa, kuma ko dai in rasa dillali ko in rasa mawaƙiya.

Al'adarmu a wancan zamani, kafin a buga kaset da yawa, sai a ba direban mota guda ɗaya ya sa. Kai kuma ka zauna a kujerar baya ka yi shiru, kana kallon kafaɗun fasinja. In sun motsa, ka ci. Na yi na gwaji yadda Hajj Usman yake so, na kashe layin amshi, ya zama duk inda Hajja ta ajiye baiti sai dalluka kaɗai ke tafiya. Na roƙe shi ya biyo ni ya gani da idonsa. Bayan la'asar muka shiga motar Mayo, cike da masu tallan shayi da leburori da suka tashi daga aiki.

Baitin farko ya wuce, gurbin amshi ya zo fayau. A na biyu sai wata tsohuwa mai kwandon gyaɗa ta ɗaga kai, ta cike gurbin da siririyar murya: "Auduga ta yi fari, 'yan mata a taka." A na uku mata biyar suka kama. Kafin mu yi nisa rabin motar na amshi, yaron mota na buga ƙofa da tafin hannu, waɗanda ba sa jin Hausa suna tafi suna tambayar me ake cewa. Mutanen da suka shigo suna Larabci tsantsa, ashe duk 'yan gida ne.

Na juya don in ga fuskar Hajj Usman. Ya kau da kai wajen taga, ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, amma rawanin na motsi daidai da amshin. Ni kuwa hawaye ya cika mini ido.

Da muka sauka ya daɗe yana kakkaɓe jallabiyarsa. Sannan ya ce, da Hausa, Hausa mai nauyi kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba: "Mayar da shi, yaro. Da shi uwata take goya ni."

Da amshinsa kaset ɗin ya fita, da sunan Hajja a jiki. Yanzu ita da Hajj Usman duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, ɗakin katifun nan ma ya zama shagon taya. Abin da na koya ranar shi nake gaya wa duk wanda ya zauna a kujerata: rikoda na iya kashe layi, amma kafin ka kashe, je ka ji ko mutane na ɗauke da shi a bakinsu.