Kawu Ramiz, Mai Tambayar Farko

Na Allah ne mu, kuma gare shi muke komawa. Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, 'yarka Almasa ta kira ni ta ce ka cika, Kawu Ramiz, bayan kwana goma sha bakwai a asibiti ba ka buɗe ido ba. Jaridu sun ce hatsaniya ce. Ƙarya suke yi. Kashe ka aka yi, ina wurin.

Kai ba marubuci ba ne, gyaran takalmi kake yi a bakin gada. Amma shekara ashirin da biyu ana bikin littattafai a farfajiyar laburaren garinmu, ba ka taɓa fashi ba. Sai ka rufe shago, ka sa kwat ɗinka mai warin man takalmi, ka zauna a kujerar gaba. In marubuci ya gama karatu aka ba da damar tambaya, kowa ya sunkuyar da kai, kai ne mai ɗaga hannu. Tambayar kuma ɗaya ce, har mun haddace ta: "Malam, wannan da ka rubuta, ka gani da idonka, ko labari aka ba ka?" Na ga manyan baƙi suna in-ina a gabanka. Wani ya taɓa fusata har ya buga tebur. Bayan taro ka lura dunduniyar takalminsa ta ɓare, ka ja shi shago, ka ba shi gahawa, ka gyara masa yana zaune da safa.

Bana ni ce a kan dandali. Littafina labarin mutum talatin da ɗaya ne da aka kwashe daga unguwarmu lokacin yaƙi, aka harbe su a masana'antar bulo. Ƙanenka Nusret yana cikinsu. Ba a taɓa kiran sunayensu a bainar jama'a ba, domin waɗanda suka yi aikin suna nan, layin burodi ɗaya muke bi. Sau uku ana yi mini waya cewa in na karanta sunayen za a fasa mini baki. Na zo shagonka na gaya maka.

"Senada, ke dai tun kina ƙarama matsoraciya ce," ka ce, kana buga ƙusa. "Ki karanta. In ji an kira Nusret a gaban mutane sau ɗaya, ya ishe ni."

Ranar bikin, ina kan suna na goma sha tara dutse ya faɗo ya tarwatsa kofin gabana. Sai ga wasu maza ta ƙofar baya, su takwas, fuska a rufe, da sandunan ƙarfe. Suka tsinke wayar lasifika, suka kifar da teburan littattafai, suka fasa wa mai ɗaukar hoto kai. Mutane suna ihu suna tattake juna. Kai kuwa, da shekara saba'in da huɗu, ka sungumi kujerarka ka tare matakalar dandali.

"Ku zo, 'yan iska! Na san tafiyarku, ni nake gyara takalman ubanninku!" Ka waiwayo gare ni. "Ci gaba, ko babu lasifika! Ina ji!"

Sandar farko ta karya maka hannu, ba ka saki kujerar ba. Ta biyu ta same ka a ƙeya. Da ka faɗi suka rufe ka da shuri, jini yana bin dutsen farfajiya har ƙarƙashin kujeru.

Ban ci gaba ba. Na yar da littafin na gudu ta ɗakin ajiya. Nusret ne na ashirin da biyu. Saura uku, Kawu, uku kacal! Tsayuwar da ka yi ta isa in kira goma, ni kuwa da ita na tsira. Wallahi wannan kunyar ba ta bari in ci abinci.

Jiya na koma farfajiyar da rana tsaka, da lasifikar aro. Almasa ta ajiye karyayyar kujerarka a gaba, mutane suka cika wurin har kan titi. Na kira su duka, talatin da ɗaya, na ƙara naka. Babu wanda ya ɗaga hannu, amma na amsa: na gani da idona. Haka zan faɗa wa alƙalin da ke binciken kisanka ranar Litinin.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Fikreta, da Almasa, da jikokinka. Allah ya ba ku haƙuri, ya tona asirin waɗanda suka yi wannan. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Nusret a Aljanna. In kun haɗu ka gaya masa an kira sunansa, kuma ka yafe mini da ba ka ji ba.