'Yar Tsanar da Na Saka a Foldar Yara

Shekarata huɗu ina aikin turi, kuma ranar da ta ƙi fita daga kaina ita ce ranar da Yaya Asabe ta ajiye wayarta a bakin tagata ba tare da ta amsa gaisuwata ba. Duk sabon da ya zo shagon nan sai na ba shi labarin, har Oga ya ce in rubuta a ajiye, in huta da maimaitawa. Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, don haka ku yi haƙuri da rubutun.

Ga wanda bai san aikin ba, shagonmu na caji da turi ne, a kan hanyar kasuwar Bunkure. Mutum zai kawo waya ko memori, mu zuba masa abin kallo daga kwamfuta. Maza ta ƙofar gaba suke zuwa, wurin Oga, wato Malam Nafi'u mai shagon. Mata kuwa akwai taga ta baya da ke kallon lungu, a nan nake zama da ƙaramar kwamfuta, da 'yata Ummi a gefena. Kafin a buɗe tagar sai da Oga ya je gaban mai unguwa ya yi alkawari cewa duk abin da zai fita ta nan mai tsabta ne. Aka ce masa to, amma ƙara ɗaya in ta zo, za a toshe ta. Tagar nan ita ce aikina. In an toshe ta, ba ni da wurin zama a gaba cikin maza.

Duk bayan sati biyu Oga yana shiga birni ya dawo da sababbin kaya a babban memori. Ni ce mai rabo. Ina raba su folda-folda: wa'azi, karatu, fim ɗin Hausa, fassarar Indiya, waƙoƙin biki, sai foldar yara. Ƙa'idar rabo ana ce mata duba uku. Ka kalli farko, ka ja zuwa tsakiya ka kalla, ka ja zuwa ƙarshe ka kalla. Sunayen yawanci da Turanci suke, ni kuma ba na gane su sosai, saboda haka da ido nake aiki.

Foldar yara ta fi kowace tafiya a tagata, musamman wurin masu turara shinkafa. Mace tana da duro biyu ko uku a kan wuta, ga ruwan zafi, ga shanya, ga kanal ɗin ban-ruwa a bayan gida. Sai ta miƙa wa yaro waya ya zauna a inuwa.

Bayan girbin shinkafar rani ne abin ya faru, lokacin da kowane gida hayaƙi ke tashi. Oga ya dawo da kaya masu yawa ana gobe kasuwa, ga mata a layi a lungu, ga Ummi tana haƙori tana rigima. A cikin kayan akwai wani bidiyo dogo. Na buɗe farkonsa, sai ga kamfanin yin kayan wasan yara, fenti ja da rawaya ko'ina, ana kiɗa mai daɗi, yara suna dariya, ga wata doguwar 'yar tsana mai gashi da dogayen hannuwa tana murmushi. Ban ja tsakiya ba, ban ja ƙarshe ba. Na ce wannan ai ba sai an wahala ba, na jefa shi foldar yara.

Ya tafi sosai. Bayan kwana kaɗan 'yan mata da ake aikowa suka fara tambaya, "Anti Rabi, kashi na biyu na mai dogon hannu ya zo?" Har na gaya wa Oga in ya shiga birni ya nemo mana kashi na biyu. Na lura cewa manyan yara ne ke tambaya, kuma in sun faɗa sai su kalli juna su yi dariya. Na lura, amma ban bi ba.

Ranar da nake faɗa, da hantsi ne. Yaya Asabe mai turara shinkafa ce a bayan makarantar firamare, ta girme ni sosai, kuma tun buɗe tagar take zuwa. Ta zo riƙe da ɗanta Mubarak, ɗan shekara biyar, an naɗe masa hannun dama da bandeji har wuyan hannu.

Na ce, "Yaya, ina kwana? Me ya samu ɗan nawa?"

Ta ce, "Kira min mai shagon."

Oga ya zagayo ta ciki ya tsaya a bayana. Ta ba da labari a tsaye. Kwana uku yaron ya ƙi shiga ɗaki shi kaɗai, ko rana tsaka. Jiya kuma tana juya shinkafa, ya ɗauki 'yar tsanar ƙanwarsa, ta roba, ya je ya tura ta cikin wutar da ke ƙarƙashin duro. Robar ta narke ta kama masa bayan hannu. Da aka dawo daga kemis aka tambaye shi dalili, ya ce kafin ta girma ta yi haƙora ne.

Ta ce, "Wayar nan na ba shi don kada ya je wurin wuta. Babansa ya ce wurin mai unguwa zai kai magana. Na ce ya bari in zo in ji daga bakinku tukuna."

Oga ya jona wayar a kwamfutata. Na roƙi Yaya Asabe ta juya yaron, ta tura shi bayan zaninta. Muka kalli farkon nan da na sani. Sai Oga ya ja gaba.

Kiɗan ya ɗauke. Kamfanin nan ne dai, amma babu kowa, fitilu suna kawowa suna ɗaukewa, kayan wasa a zube a ƙasa, wasu babu kai. Ba a ganin mai tafiyar, numfashinsa da takunsa kawai ake ji, kamar kai ne a ciki. Doguwar 'yar tsanar tana tsaye a tsakiyar wani babban ɗaki. Mai tafiyar ya shiga wata ƙofa ya kunna wuta, ya dawo, babu ita a wurin.

Oga ya ce, "Kai! Wannan ai ba kartun ba ne, gem ne. Na ga samari suna bugawa a birni. Wani ne ya buga ya ɗauka a bidiyo. An rufe kamfanin, ma'aikatan duk sun ɓace, shi kuma ya koma nemansu. Kashi-kashi ake sakinsa. Na tsoro ne, na manya."

Yaya Asabe ta leƙo ta taga tana kallo, ta ce, "To uban me ya mayar da shi ciki? Gado aka bar masa?"

Oga ya ƙara ja. Yanzu mai tafiyar yana gudu cikin wani matsattsen bututu, ana jin abu yana bin sa. Yaya Asabe ta ce, "Kai ɗan nan, hagu! Bi hagu, sakarai!" Sai fuskar 'yar tsanar ta cika kwamfutar gaba ɗaya. Murmushin nan ne na farko, amma bakin ya buɗe, haƙora jere biyu kamar zarto. Oga ya ja baya har ya take min ƙafa. Ummi ta fasa kuka don ƙarar. Na kashe.

Sai Oga ya gyara murya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Haka ya zo mana daga birni, a haɗe da na yara. Can aka yi kuskuren."

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Ya san ni ce mai rabo, rufa min asiri yake yi, ya kuma rufa wa tagar.

Ba zan ce muku jarumta ce ta buɗe bakina ba. Tsoro ne. Na ga in aka tsaya a kan birni, za a goge na wayarta a rufe magana, alhali ni na san sauran wayoyin da abin yake ciki, kuma a cikin gidajen nan akwai yaran da ba su kai Mubarak ba. Ƙarar da ba ta je yau ba, za ta je jibi.

Na ce, "Yaya, ba daga birni ba ne. Ni na saka. Farkon kawai na kalla."

Oga ya ce, "Rabi!"

Na ce, "Kuma ba wayarta kaɗai ba ce, Oga."

Ya tambaye ni ko na rubuta sunayen waɗanda na tura wa. Ba ma rubutawa a lokacin. Amma ni wayar mutum nake riƙewa kafin sunansa: mai tsagaggen gilashi ta matar mai faci, wadda aka ɗaure da kyauron roba ta gidan masu albasa, mai hoton Ka'aba a baya, mai warin manja. Na lissafo su yana ji. Ya ce in rufe tagar in bi su gida-gida in goge, kada in buɗe sai na gama. Ya roƙi Yaya Asabe ta riƙe maigidanta kwana biyu. Ta ce za ta gwada, ta ɗauki wayarta ta ja ɗanta.

Na goya Ummi na fara. A nan na ga yadda abin da ya fita ta taga yake tafiya. Gidan da na tura wa waya ɗaya sai in tarar yana cikin uku, yara sun tura wa juna. A wani gidan manyan yaran suka ɓoye memorin a cikin buhun dusa, sai da uwarsu ta ɗauko muciya. Wata ta hana ni gogewa ƙiri-ƙiri, ta ce tun da 'ya'yanta suka kalla suka daina zuwa tsohon ɗakin injin da ke bakin kanal, abin da dukanta bai hana su ba, in bar mata kayanta. Na ce to ta kalla da kanta tukuna. Ta kalla, ta yi salati, ta ce in goge, amma kada in gaya wa yaran cewa ƙarya ne. Yawancin matan ba su san ma akwai shi a wayarsu ba. Suna miƙo min wayar da hannu ɗaya, ɗayan yana kan aiki, ko juyowa ba sa yi.

Rana ta biyu bayan la'asar Oga ya raka ni gidan Malam Ɗanlami, mijin Yaya Asabe. Dawowarsa ke nan daga ban-ruwa, taɓo bai bushe a ƙafarsa ba. Ya zauna a zaure, Oga a gefensa, ni na durƙusa daga bakin ƙofar ciki, Yaya Asabe tana tsaye a bayana. Oga ya yi dogon bayani. Malam Ɗanlami ya bar shi ya gama, sannan ya juyo wajena.

Ya ce, "Ke ce mai tagar?"

Na ce, "Ni ce, Baban Mubarak."

"An ce kin bi gidaje."

"Na bi."

"Wannan ta bayanki taki ce?"

"Tawa ce."

"Kina ba ta waya?"

Na ce ina ba ta, in aiki ya yi yawa.

Ya ce, "Kin ba ta wannan ɗin?"

Na ce a'a. Ya ce don me. Na so in ce ta yi ƙanƙanta, kuma da an karɓa. Amma ba shi ne dalilin ba. Na ce, "Ba na ba ta abin da ban kalla har ƙarshe ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗan jima yana kankare taɓon ƙafarsa da tsinke, sannan ya ce, "To. Kin san yadda ake yi ke nan."

Ya ce wa Oga ba zai je wurin mai unguwa ba, tunda na kawo kaina kuma ban yi masa ƙarya a zaurensa ba. Amma wayar gidansa ba za ta ƙara zuwa tagata ba. Haka kuwa aka yi. Washegari na buɗe tagar. Yaya Asabe ba ta ƙara zuwa ba. Muna haɗuwa a gidan suna, tana amsa gaisuwata, iyakar ta ke nan.

Daga lokacin aka canza ƙa'ida. Duba uku yana nan ga sauran folda, amma abin da zai shiga ta yara sai an kalle shi daga farko har ƙarshe, ko da zai ci yini, ko da layi ya kai bakin titi. Aka kuma kawo littafin da kuke gani, ana rubuta wa aka tura wa me. Kashi na biyu da na sa a nemo ya iso a satin, yana can gaba wurin samari, an ce ma ya fi na farko.

Abin da na gane game da aikin nan shi ne, matar da ta miƙo waya ta taga ba ta da lokacin kallo, da tana da shi da ba ta zo ba. Ba za ta duba bayanku ba, ba za ta tambaye ku ko kun duba ba. Idonku take ara ta tafi da shi gida ta miƙa wa ɗanta. Kuma mai launi da kiɗa da dariya shi ya fi saurin wuce mai rabo, don shi ne ba a zargi.

Mubarak ya shiga firamare bana. Ta lungun nan yake wucewa da safe. Tabon yana nan a bayan hannunsa, fatar wurin ta yi sheƙi. Yakan ɗaga min hannun ya ce, "Anti, ina kwana?" Ba a gaya masa ni ce ba.