Layi Huɗu da Na Tsallake a Wasiƙar Mudir

Shekarun baya, tun idona bai san tabarau ba, na yi aikin direba a Jidda. Kamfanin da ke riƙe da iƙamata, wato takardar izinin zama, ya haɗa ni da wani injiniya ɗan Ingila, ni ke kai shi tashar jirgin ruwa da safe in mayar da shi gida bayan la'asar. Dattijo ne dogo mai jan wuya, kullum da zobe a ƙaramin yatsansa. Ina ce masa Mudir, wato shugaba da Larabci, shi kuma yana ce mini Sadiƙ, wato aboki. Larabcinsa gurgu ne, Ingilishina ya fi shi ɗingishi, amma da haka muke haɗawa mu fahimci juna.

Wata rana ya shigo mota ya tarar ina sauraron tashar Faransanci. Ya tambaye ni ko ina ji. Na ce ai ni mutumin Nijar ne, na yi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi har aji shida. Ban gaya masa sau biyu na maimaita aji biyar ba.

Washegari sai ga shi da jakar takardu. Ya ce danginsu tsohon gidan sarauta ne, kuma asalinsu ba Ingila ba ne. Daga wani yanki na arewacin Faransa suka fito, Normandi, tun zamanin da mayaƙan wurin suka ƙetare teku suka ci Ingila da yaƙi. Sunan da suke amsawa sunan wani ƙauye ne a can, kuma tambarin da ke kan zobensa na jarumin da ya mallaki ƙauyen ne. Mahaifinsa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin salsalar nan kaka bayan kaka, yanzu ya tsufa yana kwance ba lafiya. Abu ɗaya ya rage musu, shaidar cewa ɗan jarumin ne ya ƙetara Ingila. Akwai wani tsohon mushe a ƙauyen, kamar yadda muke ce wa malamin makaranta a Nijar, da ya yi ritaya, shi ke tona musu tsoffin takardun coci yana aiko da bayani da Faransanci.

Haka na zama tafinta. Duk sanda wasiƙa ta zo mukan tsaya a unguwar Ammariyya gefen wani mai ful da tamis, wato wake da gurasa, in karanta masa layi layi, yana rubutawa a kan gwiwarsa. Gaskiya na ji daɗin abin. Ni da mushenmu ya taɓa cewa kaina kwakwa ne, yau ga Bature yana jiran abin da zai fito daga bakina.

Wasiƙa ta bakwai ce ta zo da rigima. Na karanta gaisuwa, na karanta cewa ya sami sunan a wata tsohuwar takarda, sai idona ya riga bakina zuwa ƙasa. Mushen ya ce yana baƙin cikin sanar da shi cewa jarumin ya mutu bai bar ɗa namiji ba, gonakinsa coci aka ba. Wanda ya ƙetara Ingila da sunan ƙauyen mai kula da dawakinsa ne. A zamanin, baƙo da sunan garinsu ake kiransa, kamar yadda a Jidda za a ce wa mutum Bakano ko Badamagare ko da bai taɓa taka ƙofar fada ba.

Na ɗaga kai na ga Mudir ya ɗora alƙalami a takarda yana murmushi.

"Ci gaba, Sadiƙ. Me ya ce?"

"Ya ce an yi ruwa sosai bana, tuffa ta yi kyau."

"A'a, kafin nan. Ya ga sunan?"

"Ya gani, Mudir."

"Sunan kakanmu? Ɗan jarumin?"

Na ce, "Na'am."

Ya bugi kujera, ya sauka da kansa ya sayo mini shayi. Na karɓa na sha ba tare da na dube shi ba.

Daga ranar ban sake samun sukuni ba. In na ajiye shi a tasha sai in kasa zama a inuwa tare da sauran direbobi. In wanke mota, in zagaya, in dawo in sake wanke ta. Sau biyu ina wuce kwanar gidansa, hanyar da nake bi kullum. A masallaci na taɓa miƙewa bayan liman ya zauna tahiya, har na kusa da ni ya ja mini riga. Ina ta lissafi a raina: in na faɗa masa, kalma ɗaya zai yi a ofis a buga mini huruj, wato a sallame ni gida, ga matata da tsohon ciki a ɗaki ɗaya a unguwar Mahjar. In kuma na yi shiru, wasiƙar tana cikin jakarsa, duk ranar da ya nuna wa wani mai jin Faransanci asirina ya tonu.

Na je wurin abokina, ɗan Chadi mai tuƙa tankar ruwa, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Halas, ɗan'uwa, manta kawai. Mai doki da mai share kashin dokin duk sun zama ƙasa. Kai dai riƙe iƙamarka."

Na ji sanyi na kamar awa ɗaya, abin ya dawo.

Matata kuwa ba ta yi dariya ba. Ta lura ina tura abinci gefe, ta matsa mini har na faɗa mata. Ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ce, "Maigida, ranar da za ka kai ni asibiti, in likita ya rubuto takarda a kaina da yaren da ba ka ji, za ka so mai karanta maka ya tsallake wani wuri?"

Na ce ai ba ɗaya ba ne. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata ya bi ni har cikin mota.

Kwana tara ina wannan hali. A rana ta goma Mudir ya miƙo mini takarda daga baya, ya ce amsa ce ya rubuta wa mushe, in mayar masa da ita Faransanci. Yana gode masa da ya tabbatar musu da abin da suka daɗe suna nema, yana cewa zai tafi hutu ƙarshen wata ya kai wa mahaifinsa albishir. Na ga dai ko in sake shirga ƙarya, wannan karon ga tsohon mushen da bai yi mini komai ba, ko in buɗe baki. Na gangara gefen titi a unguwar Madain Fahad na kashe mota.

"Mudir, akwai layi huɗu da ban karanta maka ba."

Na karɓi wasiƙar na karanta masa su. Ya daɗe yana kallon taga. Na ɗauka maganar mai dawaki zai yi, sai ya ce, "Sauran shidan fa? Me ka tsallake a cikinsu?"

"Wallahi ko harafi ɗaya."

"Ta yaya zan sani?"

Ya mayar da wasiƙar jaka ya ce, "Yalla, mu tafi."

Mako biyu ba ya ce mini komai sai "tasha" da "gida". Daga baya na ji ya kai wasiƙun duka wurin wani ɗan Labanan a ofis, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda masinja ya nufo wajen direbobi sai in ce ga takardar sallamata. Ba ta zo ba. Ƙarshen wata na kai shi filin jirgi, ya sauka bai waiwayo ba.

Wata guda ya yi. A cikinsa matata ta haihu lafiya, muka sami 'ya mace. Ranar da ya dawo na je ɗaukarsa, na ga ya rame, zoben dai yana nan. Mun yi nisa a hanya kafin ya yi magana.

"Mahaifina ya rasu, Sadiƙ. Kwana shida bayan na isa."

Na yi masa ta'aziyya iyakar abin da Ingilishina ya iya ɗauka.

Ya ce, "Na zauna a bakin gadonsa, wasiƙar tana aljihuna. Ya tambaye ni ko mushe ya ga sunan. Na ce ya gani. Ya ce ɗan jarumin? Na ce e." Ya juya zoben a yatsansa. "Duk da haka, ni ba kai ba ne. Ni ɗansa ne. Kai kuwa ba ka da ikon zaɓar mini."

Na ce, "Gaskiya ne, Mudir."

Bai kore ni ba. Shekara biyu na ƙara ina tuƙa shi, kuma ni na ci gaba da karanta wasiƙun, domin ya koma bin sawun mai dawakin da irin zafin da ya bi na jarumin. Sai dai tun daga nan yakan dawo kujerar gaba ya ɗora yatsa a kan layin da nake karantawa, ko da yake ba ya ji. Ban taɓa cewa ya ɗauke ba.

Na daɗe ina ba kaina uzuri cewa tausayi ne ya sa na tsallake layukan nan. Sai da na manyanta na yarda cewa rabinsa tsoro ne, sauran rabin kuma daɗin da nake ji in ga yana murna da abin da ya fito daga bakina. Abin da ya yi wa mahaifinsa kuwa, har yau ban yanke ko daidai ne ko kuskure ba. In na tuna da safe in ce ya kyauta, in na tuna da yamma in ce da ya bar tsohon ya san ainihin kakansa. Abin da na tabbatar shi ne nawa laifin. Mutum ya ba ni aron idonsa, na rufe masa shi a daidai wurin da ya fi buƙatar gani, kuma ban nemi izininsa ba.