Awakin Ɗan'azumi a Gonar Bakin Filin Jirgi

Ranar Juma'a, goma ga watan Maris na 1961, Ɗan'azumi ya fara ganin Issa. Yana sassabe a gonarsa da ke bayan garin Dogon Dutsi sai ga mota ta tsaya. Mai awon ƙasa ya fito da sarƙarsa, wani dogo mai farar riga yana biye da shi yana yi masa tafinta. Shi ne Issa, baƙon ɗan kasuwa da bai daɗe da buɗe kanti a gari ba.

Ɗan'azumi manomin hatsi ne, gajere, marar yawan magana, ya ba hamsin baya. Gonar ta kakansa ce, ta yi iyaka da filin da ƙananan jiragen sama ke sauka jefi-jefi. A tsakiyarta akwai tsohon gawo inda doguwa, aljanar gidansu, ke zaune, kuma kowace shekara kafin shuka yakan zuba mata nono a gindinsa.

Abin da ya kawo masu awon sabuwar doka ce. Za a jera duwatsu masu farin fenti kewaye da filin, kuma duk abin da ke cikinsu kada ya wuce gwiwar mutum tsawo. Ba itace, ba rumbu, ba hatsi. Wanda aka bar wa gona a ciki shi zai tsare ta, in ya bari itace ya tashi a karɓe ta. Gonar Ɗan'azumi gaba ɗaya ta faɗa ciki.

"Malam, gaya mishi iccen ga da mai shi," in ji Ɗan'azumi.

Issa ya yi dariya. "Baba, jirgi bai san doguwa ba. Ta nemi wani gida mana, ai ba haya take biya ba."

Babu ɗan ƙasar da ya yarda ya ɗora wa gawon gatari. Issa ne ya kawo masassaƙa daga nesa suka kayar da shi, ya sa aka sassaƙa turame ya jera a ƙofar kantinsa. Daga nan ya tafi biro, wato ofishin hukuma, ya ce tsohon ba zai iya rabuwa da hatsi ba, shi kuwa gujiya zai shuka, wadda ba ta tashi sama. Aka ba shi gonar.

Kubra, matar Ɗan'azumi, ta yi ta roƙonsa ya tafi ƙauyen Lugu ya kai kuka wurin masu iskoki.

"Ba ni kai ƙara wurin kowa," in ji shi. "Ni anka yi ma."

Ya ari gona a ƙauyen Kiéché wurin dangin Kubra. Ya sayar da jakinsa ya sayi awaki. Da rani ya yi, bayan an kwashe gujiya, sai ga shi a kantin Issa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi a bar shi ya ɗaure awakinsa a tsohuwar gonarsa. A al'ada mai gona ne ke ba mai dabbobi hatsi saboda taki, amma shi bai nemi ko zangarniya ba.

"Ka gani, Baba? Yanzu ka yi hankali," in ji Issa. "Ɗaure su duk inda ka ga dama."

Kullum da safe Ɗan'azumi yakan gangara kwari inda gawo ya yi yawa, ya cika buhu da 'ya'yansa, ya ɗauko a ka. Su yake zuba wa awakin har su ƙoshi. Kashegari ya tumɓuke turaku ya matsa gaba kaɗan, a jere, kamar mai shuka, har ya gama gonar daga wannan kunya zuwa waccan. Kowane manomin Arewa ya san ƙwayar gawo tana iya shekaru a ƙasa ba ta tsira ba, amma in ta ratsa cikin akuya, ruwan fari ya ishe ta. Issa mutumin kanti ne. Maƙwabta sun ga abin da ake yi, ba wanda ya faɗakar da shi.

Da damina gujiya ta yi kyau, Issa har ya aika wa tsohon goro. A tsakanin kunyoyi kuwa wasu 'yan tsirrai masu ƙaya suka fito, ya ɗauka ciyawa ce. Ranin da ya biyo baya awaki suka sake dawowa.

A shekara ta uku abin ya bayyana: tsirran nan duk gawo ne. In an sare ɗaya sai ya tofo da rassa, domin saiwarsa ta riga ta nutse ƙasa tun kafin kansa ya fito. 'Yan ƙwadago suka ce ɗiyan doguwa ne, suka ajiye kayan aiki. Itatuwan suka wuce gwiwa, suka kai ƙugu. Wani matuƙin jirgi ya yi ƙorafi, aka kira Issa biro aka yi masa kashedi.

Ya zo Kiéché da rana tsaka, rigarsa duk ƙaya ta yage ta.

"Kai ka yi mini wannan!"

"Ni, Malam Issa? Taki ka so, taki na ba ka. In da laihi, kai awaki biro."

"Haba Baba, don Allah. Ka sa mutanenka su taya ni haƙewa. Abin da kake so zan ba ka."

Ɗan'azumi ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Tada min iccena tsaye, in zo da kaina."

A watan Afrilu na 1965 aka karɓe gonar daga hannun Issa. Aka haƙe saiwoyin aka ƙone, aka haɗa wurin da filin jirgi, aka hana noma a ciki. Ɗan'azumi ya je biro ya nemi a mayar masa, aka ce babu sauran gona a nan. Issa ya rufe kanti ya bar garin a shekarar da ta biyo baya. Ɗan'azumi ya ci gaba da noman gonar aro a Kiéché har ya rasu da daminar 1969, bai sake mallakar ƙasa ba.