Gado, Mai Buhun Wayoyi

Ranar Talata, 9 ga watan Satumba 2025, ina tsaye a shagon Lamine mai kayan lantarki a kasuwar Tasawa, labarin rasuwarka ya iske ni. Wayar haɗa tele da dekoda na je saye. Lamine ya ɗora mini iri biyu a kan tebur, na rasa wadda zan ɗauka, na ciro salula da niyyar in tambaye ka, duk da na san kana kwance asibiti a Maradi. Kafin in taɓa lambarka sai ga kiran ɗanka Alamin. Ya ce, "Baba Istifanus, Baba ya cika ɗazu." Lamine ya jawo mini benci na zauna. Da ya ji ko wane ne ya rasu, sai ya rufe shagon, muka tafi tasha tare.

Malam Gado, fiye da shekara ashirin muka yi a buro ɗaya, wato ofis, a ma'aikatar gona ta Mayahi. Aikinmu zagaya ƙauyuka, muna nuna wa manoma sinima kan ajiyar hatsi da yaƙi da tsutsar gero. Ni ke bayani, kai ke da na'ura. Ba wanda ya koya maka ita, kai ka naɗa kanka, kuma ba a taɓa jin ka ce wani abu ya fi ƙarfinka ba.

Ina tuna zuwanmu na farko ƙauyen Gidan Amumune. An idar da sallar magariba, fili ya cika, mun rataye farin ƙyalle a bangon lakwal, makarantar boko ta garin. Hoto ya fito tar, murya ta ƙi. Ka jujjuya waya, ka busa ta, ka goge ta da bakin riga, shiru. Ni har gumi ya fara keto mini. Kai kuwa sai ka je gefen ƙyallen ka tsaya, ka shiga yi wa kowa murya. Ka yi ta manomi, ka yi ta matarsa, da aka nuno tsutsa a kan zangarniya ka ƙanƙance murya ka ce, "Sannu da aiki, mai gona, mun gode da abinci!" Mutane suka yi ta faɗuwa don dariya. Da muka koma da damina ta zagayo, na'ura lafiya lau, mai gari ya ce a kashe muryar, Gado suke so.

Kana da wani buhun taki da ka cika da wayoyi, ba ka yarda a zubar da ko guntu. Maiɗakinka Ramla ta sha cewa buhun nan ya fi ta wuri a ɗaki. Kai kuma ka ce kowace waya da ranarta. Abin da ba ka so a faɗa shi ne idonka ya yi rauni. Likita ya rubuta maka tabarau, ka ce ai na tsofaffi ne, ka bar shi a aljihu.

Alherin da ba zan manta ba shi ne wanda ka yi wa mahaifiyata, Inna Maryamu. Ita ta raini ɗiyata Salama a garin Sarkin Hausa tun tana rarrafe. Da aka zo ɗaurin auren Salama a majami'a a Maradi, ƙugu ya hana Inna hawa mota. An kawo mata bidiyon bikin a salula, amma idonta bai iya ganin komai a ɗan gilashin nan. Ta ajiye salular, ta juya fuska bango, ta daina cin abin kirki. Na faɗa maka a buro don kawai in rage abin da ke raina. Ka ce, "Ba akwai tele gidan ba? To bar mini."

Ranar Asabar ka hau moto, wato babur, ka tafi Tasawa, ka dawo da waya sabuwa cikin leda, kana taƙama. Muka je Sarkin Hausa, muka juya telen Inna, wadda ta girmi amaryar, babu ramin da wayar za ta shiga. Ka dube ta, ka dubi telen, ka ce laifin telen ne. Na ce mu haƙura. Washegari ban sani ba ashe ka koma Tasawa. Lamine ya ba ka ɗan akwatin da ke haɗa sabon kaya da tsoho, da waya mai kai uku, ja da fari da rawaya. A hanyar dawowa ruwa ya tare ka, moto ya mutu, ka iso ƙofar Inna a bisa amalanken shanu, kai da moton, ledar tana cikin hularka don kada ta jiƙe.

Ka haɗa, ka kunna. Tele ta yi wani irin gurnani, ba hoto. Inna ta ce, "Gado, wannan amaryar ce ko sa?" Ashe ka sa rawaya a ramin fari. A ranar na fara ganin ka ciro tabarau a gaban mutane. Da ka gyara, sai ga Salama cikin farin kaya ta cika gilashi, mata na waƙa. Inna ta matso da tabarma, ta ɗora tafin hannu a fuskar jikarta, ta kama waƙar tana bi. Sau uku ta sa aka maimaita. Daga nan ta ce a kawo mata tuwo, a zuba maka kai ma. Har ta koma ga Ubangiji, "ɗana na masallaci" take kiranka.

Haka kake da kowa. Ba a yi Sallah ban ci naman gidanka ba, ba a yi Kirsimeti ba ka zo da iyalinka gaisuwa ba. In muna daji lokacin salla ya yi, ni ke tsaron kaya. In Lahadi ta kama mu a hanya, kai ke tambayar mutane inda majami'a take, ka zauna gindin itace ka jira ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ramla, da 'ya'yanka Alamin da Sakina, da dukan dangi, da abokan aikinmu na Mayahi da Tasawa. Alamin, Sakina, gidana gidanku ne, kada ku nemi izinin shiga. Allah ya jiƙan Malam Gado, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da alherin da ya yi wa manoma da tsofaffi. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma ya sa mu cika da kyau.

Ka huta lafiya, abokina. Litinin zan buɗe buro, amma ban san wanda zan fara gaisarwa ba.

Istifanus Audu, Mayahi